Ni da Zanen Fernand

Abubuwa da yawa sun fara zubewa daga kaina, ko sunan titin da na fara zama a Aubervilliers sai na yi dogon tunani. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwaso mutane tun daga Paris zuwa wani ƙauye kusa da Lyon, don kawai su zo su ga jahilcina da idonsu ba.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Na gama karatun gyaran tsofaffin gine-gine, difiloma tana hannuna da zafinta, sai na samu aiki a wata 'yar gidauniya a Paris. Aikinta guda ne: masu hali su ba da sadaka, ita kuma ta raba wa tsofaffin coci-coci da ke neman rushewa, musamman na ƙauyukan da ba mai waiwayarsu. Mu huɗu ne a buro, wato ofis. Shugabarmu, Madam Odile, dattijuwa ce siririya wadda ba ta ɗaga murya, amma in ta cire tabarau ta dube ka, sai ka shafa jikinka ka ji ko ka manta sa wando. Ta ɗauke ni gwaji na wata shida. (Ni kuwa a raina na riga na ba ta shekara biyu ta bar mini kujera.)

Kada ku ce girman kai ne zalla. Ni ɗan Damagaram ne, a tsohuwar unguwar Birni na tashi, kakana magini ne. Na san bango. In na ɗora tafin hannu a kansa, zan gaya maka ko ruwa na cinsa ta ciki. Abin da ban sani ba shi ne zanen fenti. Darasi guda aka yi mana a kansa, shi ma daga kujerar baya na saurare shi, ido rabi a rufe.

A wata na huɗu Madam Odile ta miƙo mini dosiye, wato fayil ɗin takardu. Wani ƙaramin coci ne ya rubuto neman taimako, rufinsa na yoyo. Kwamitin rabon tallafi zai zauna ƙarshen wata, wanda takardarsa ba ta shiga ba sai baɗi.

"Ka je ka duba rufin, ka rubuto abin da ka gani," in ji ta. "Rufin kawai."

Na hau jirgin ƙasa da kwat da kirabat ɗaure a wuya, na sauka Lyon wajen Kawu Isufu, ƙanin mahaifiyata, mai kantin atamfa da kayan miya a unguwar La Guillotière. Bayan mun yi gaisuwar da ta ratsa dangi kaf har da akuyar gida, sai ya dube ni ta saman kofin shayi.

"To kai yanzu, ɗana, duk karatun nan da ka yi, coci kake gyarawa?"

"Kawu, gini ne ya tsufa, mutane kuma suna ciki."

"Haka ne. Ko maƙwabci ne rufinsa ya yi yoyo ai ka kama masa. Ka dai riƙe sallarka."

Washegari na shiga bas zuwa ƙauyen. Wadda ta tarbe ni ita ce Madam Colette, tsohuwa mai fara'a, ita ke riƙe da mabuɗin cocin. Tana buɗe ƙofa warin danshi ya buge ni. Ƙasa duk bokitai ne da tukwane, har da wani bahon wankan jarirai, kowanne an ajiye shi daidai inda ruwa ke ɗiga. Ta nuna mini sama, ta nuna mini tsani a jingine. Na ɗaga kai na ce "hmm" irin ta masana.

Daga nan idona ya faɗa wani lungu ta hagu. Zane ne a jikin bango, tsawon mutum: wani dattijo mai gemu riƙe da sanda, tumaki a bayansa. Ya yi baƙi ƙirin, ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Na tuna labaran da ake ba mu a makaranta na mutanen da suka tsinci tsohon zane a lungun da ba a zato, sunansu ya shiga littafi.

"Madam, wannan fa?"

"Au, wannan? Zanen Fernand ne."

Na zaro bik na rubuta a littafina: Waliyyi Fernand. (Kiristocin can suna da waliyyai da yawa, na ce ba lallai ne na san kowa ba.) Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ɗaga mata hannu, wai kada ta katse mini tunani.

"Madam, wanda ya yi wannan aiki gwani ne na gaske. Irinsu ba su da yawa."

Fuskarta ta yi ja, ta dafe ƙirji. Na ce a raina, Allah sarki, dubi yadda take son cocinsu. Ban gaya mata shekarun da na yanke wa zanen ba, don kada labari ya fita wani ya riga ni. Tsani kuwa ko taɓa shi ban yi ba.

Ina isa gar, wato tashar Lyon, na shiga akwatin telefon na kira Paris.

"Madam, na gano abu. Zanen bango, bai kasa shekara ɗari biyar ba."

"Rufin fa?"

"Rufi ai ko'ina akwai shi, Madam. Wannan kuwa dukiyar ƙasa ce. A ganina tallafin ya koma kansa."

"Ka tabbata?"

"Kamar yadda na tabbata da sunana."

Ta ce to, ranar Alhamis ta sama za ta zo da wata gwanar tsofaffin zane. Da na koma kanti na ba Kawu labari, na kuma gayyace shi da bakina. (Wannan ne ɓangaren da har yau nake tambayar kaina: wa ya aike ni?) Kafin Alhamis duk wani Bahaushen La Guillotière ya ji cewa ɗan 'yar'uwar Alhaji Isufu ya gano abin da Turawa suka yi shekaru suna wucewa ba su gani ba.

Ranar ta zo. Kawu ya rufe kanti, ya sha babbar riga da hula. Ga Madam Odile, ga gwanar, wata gajeruwar mata riƙe da ɗan akwati. Ga limamin cocin, sabon zuwa ne, ƙauyuka biyar yake zagayawa. Ga magajin gari da tsofaffi kamar goma a kan benci. Na tsaya gaban zanen, na gyara kirabat, na fara.

Jama'a, na yi magana. Na ce su dubi yadda aka karkata wuyan dattijon, salon mutanen Italiya ne na da. Na ce baƙin nan hayaƙin kyandir ne na ƙarni biyar. Na ce tsagewar nan ba ta samuwa sai zamani ya daɗe yana aikinsa. Da na ga ana gyaɗa kai, sai na ƙara da tarihin Waliyyi Fernand, makiyayi mai tsoron Allah, wanda a nan take na ƙirƙiro shi da tumakinsa. Limamin ya ɗan yamutsa fuska. Wani tsoho a bencin gaba, mai hular ulu, ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake. Har na sassauta murya don shi.

Da na gama, gwanar ta buɗe akwatinta, ta ɗauko auduga, ta tsoma a wani ruwa, ta shafa a hankali daidai wuyan hannun da ke riƙe da sanda. Baƙin ya fita kamar ana wanke gindin tukunya. Ta ƙara shafawa. Wani abu zagayayye ya bayyana, da madauri, da 'yan lambobi.

Ta matsa gefe don kowa ya gani.

"Mushe," in ji ta, wato malam da Faransanci, "waliyyinka yana ɗaure da agogo. Ƙarfe huɗu saura kwata."

Tsohon mai hular ulu ya miƙe yana share hawaye, ashe na dariya ne.

"Agogon surukina ne," ya ce. "Ko wanka ba ya cire shi, sai na zana shi da abinsa. Ni ne Fernand."

Ya yi bayani tiryan-tiryan, kowace kalma tana sauka a kaina. Da ya dawo daga aikin soja yana matashi, bangon ya yi masa fili da yawa, sai ya roƙi limamin wancan lokaci ya bar shi ya yi zane. Ragowar fentin ƙofofi ya yi amfani da shi, shi ya sa ya tsattsage. Baƙin kuwa na murhun gawayi ne da suka yi shekaru suna ɗumama cocin da shi a wannan lungun.

Madam Colette ta dube ni da tausayi. "Ai na gaya maka, yarona. Zanen Fernand ne. Mijina."

A nan ne Kawu, wanda Faransanci bai ɓace masa ko kalma ɗaya ba, ya ce da Hausa, da muryarsa ta kasuwa:

"Kai, ɗana, ashe waliyyin naka yana da rai. Je ka gaishe shi mana."

Ba wanda ya gane abin da ya ce sai ni, amma kowa ya fashe da dariya, har limamin. Ni kuwa zufa ta jiƙa mini riga a cikin cocin da sanyinsa ke shiga ƙashi. Na dubi bahon jariran nan, na ga da zan iya naɗewa da na shige ciki.

Madam Odile kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau.

"Rufin fa?"

"Ban hau ba, Madam."

"Saura kwana tara kwamiti ya zauna. In takardarsu ba ta shiga ba, mutanen nan za su ƙara shekara guda cikin ruwa saboda kai." Ta nuna tsani da haɓa.

A nan dariya ta ƙare mini. Na hau da kwat ɗina da takalmin fita, Mushe Fernand da kansa ya riƙe mini tsanin. Sama duk kashin tattabaru ne da yanar gizo. Na rarrafa na kai ga babban gungumen da ke ɗauke da rufin, na danna yatsa, ya shige kamar dafaffen rogo. Wannan kam na san shi, ba sai an gaya mini ba: in dusar ƙanƙara ta yi nauyi sau ɗaya, rufin zai sauko a kan masu ibada. Awa uku na yi ina aunawa ina rubutawa. Da na sauko, baƙina ya fi na zanen.

Kwana biyu na yi a kan rahoton, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Kwamiti ya amince, aka fara aiki kafin sanyi ya dawo. Madam Odile ba ta kore ni ba, ta dai ƙara mini wata uku na gwaji, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Kawu ne ya ɗauki nauyin yaɗa labarin. Kafin wasiƙata ta isa Damagaram, mahaifiyata ta riga ta ji.

Bayan an gama rufin, Mushe Fernand ya aiko mini da kati. Ya ce in da hali in rubuto masa jawabin nan nawa kaf, musamman wajen Italiya, domin shekara arba'in da aure ba a taɓa yabonsa haka ba. Na rubuta na aika masa, ban rage komai ba.

Tun daga lokacin, in na ga abu ya yi baƙi ya tsattsage, ba na yanke masa shekaru sai na tambaya ko mai shi yana zaune a bencin gaba. In kuma tsohuwa ta buɗe baki, nakan rufe nawa har ta kai aya.