Lauyan Sito da Katifu Ɗari Biyu da Arba'in

Idan za a yi adalci, a duk makarantarmu babu wanda ya san dokar kwangila kamar ni. Ba yabon kai ba ne. Kwana uku cur na yi a wajen bita, a ɗaki mai sanyi, aka ba mu jaka da biro da takardar shaida mai ruwan zinare a gefe. Lauyoyi kan shafe shekaru kafin su kai inda na kai, amma ai kowa da irin ƙwaƙwalwar da Allah ya ba shi.

Ni ne jami'in sayayya a wata makarantar kwana. Alli, tsintsiya, bokiti, ƙwan fitila, duk ta hannuna suke shigowa. Shekara tara ina saye ana kawowa, ba a taɓa jin kanmu da kowa ba. Sai a wajen bita na gane irin hatsarin da muke ciki: ashe duk shekarun nan bokitanmu ba su da wata kariya a doka.

Da na dawo na rataye takardar shaidar daidai inda mai shigowa zai yi ido biyu da ita. Na sayi tabarau, ko da yake idona garau yake. Mai sito, wani dattijo da teburinsa ke kallon nawa, ya laƙaba mini Lauyan Sito. Na ɗauka girmamawa ce, har amsawa nake yi.

Ilimi irin wannan ba ya tsayawa a ofis. Wata rana matata ta tare ni a bakin ƙofa.

"Baban yara, ina sabulun wanki? Da safe na gaya maka, ka ce to."

Na gyara tabarau. "Wannan 'to' ɗin ba amincewa ba ce a doka. Alama ce kawai cewa saƙo ya iso. Kafin magana ta zama yarjejeniya, sai an yi tayi, an karɓa, kuma kowane ɓangare ya ɗauki nauyin wani abu."

Ta dube ni sama da ƙasa. Na ce ta goge mini farar rigata saboda gobe. Ta ce, "To."

Da safe na tarar da rigar a cukurkuɗe yadda na bar ta. Da na yi magana, ta ce saƙo dai ya iso.

Ana haka babban aiki ya taso. An gama sabon ɗakin kwanan ɗalibai, ana neman katifa ɗari biyu da arba'in kafin a dawo hutu. Tun kafin a ɗauke ni aiki, Iya mai katifa ce ke kawo wa makarantar nan katifu. Shagonta layi biyu ne daga ƙofarmu. A gaya mata adadi, ta faɗi rana, ranar ta yi a ga kaya. Iyakar tsarin ke nan, kuma yanzu da idona ya buɗe, tunawa da shi kawai tsikar jikina yake tayarwa.

Mako guda na yi ina rubuta kwangila. Shafi talatin da biyu. Na tanadi abin da za a yi idan an yi girgizar ƙasa, idan yaƙi ya ɓarke, idan jirgin ruwan da ya ɗauko kayan ya nutse. Mai sito ya tambaye ni ta wane kogi jirgin zai bi daga layin Iya, na yi masa uzuri saboda bai je bita ba. Amma inda na fi ji da shi shi ne sashe na ashirin da bakwai: duk abin da aka faɗa da baki ko aka nuna da hannu kafin sa hannu, ya zama babu shi, abin da ke takarda kaɗai ke aiki. Sau uku na karanta wa kaina shi da ƙarfi.

Iya ta zo, na miƙa mata. Ta auna nauyin takardun a tafin hannunta.

"Ɗana, katifa za ka saya, ko shagon gaba ɗaya?"

"Iya, zamani ya canja. Yanzu ciniki ba na fatar baki ba ne, na hujja ne."

Ta ɗan buɗe shafi biyu, ta rufe, ta ajiye mini a tebur a hankali. "Ni ba na sa hannu a abin da ba zan iya karantawa a tsaye ba. Allah ya ba da sa'a." Ta tafi. Na tausaya mata ƙwarai.

Kwana biyu sai ga wani ɗan kwangila, mai kwat da jaka da murmushi har kunne. Ya zo da samfurin katifa mai kauri inci shida. Na zauna a kai, ta ɗaga ni sama kamar ba ta son rabuwa da ni. Barista yake ce mini, tun daga gaisuwa. Ya tafi da kwangilar ya kwana biyu da ita, ya dawo ya ce tun da yake bai taɓa ganin irinta ba. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa.

Da na kai wa shugabar makaranta ta sa hannu, ta tsaya da biro a sama. "Ka tabbata komai ya yi?"

"Ranki ya daɗe, ki sa hannu ido rufe. Ko sauro ba zai samu ƙofar shiga takardar nan ba."

Ranar Laraba kaya suka iso, ɗalibai kuma Lahadi za su dawo. Mota ɗaya ce, ƙarama ma. Mai sito ya leƙa bayanta, ya leƙa titi ko akwai wata a baya, sannan ya dube ni.

"Lauya, duka ɗari biyu da arba'in ɗin ne a nan?"

Duka ne. Direban ya rungumo goma a tashi ɗaya, yana tafe yana fito. Kowace katifa ba ta wuce bargo a ninke biyu ba.

Na yi kan ɗan kwangila ina huci. Bai daina murmushi ba. Ya buɗe shafi na goma sha tara, ya bi layi-layi da yatsa. Tsawo, ga shi, an cika. Faɗi, an cika. Launin riga shuɗi, an cika. Har irin zaren ɗinki na rubuta, an cika. Ya miƙo mini takardar ya ce in nuna masa kauri. Na duba. Na cire tabarau na sake dubawa. Na rubuta yaƙi, na rubuta jirgin ruwa, ban rubuta kauri ba.

"To samfurin da ka nuna mini fa? Wanda na zauna a kai?"

"Barista," in ji shi cikin ladabi, "sashe na ashirin da bakwai."

Aka kira lauyan makaranta, na gaske. Ya karanta, ya ce babu inda za a kama mutumin, wanda ya rubuta takardar nan ya ɗaure mu tamau. Ba zan ɓoye ba, da ya ce tamau sai da na ɗan ji daɗi.

Shugaba ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka shimfiɗa ɗaya a kan gadon ƙarfe, ta ce in kwanta. Na kwanta da takalmina, gaban mai sito da direba. Ƙarafan gadon sha ɗaya ne, da bayana na ƙirga su.

"Ran Lahadi iyaye za su shigo ɗakin nan su danna katifun nan da hannunsu," in ji ta. "Ko katifa ta yi kauri, ko kujerarka ta samu wani mai zama. Tashi."

Na naɗe guda ɗaya a hammata, na nufi layin Iya. Na tarar da ita tana yanka soso. Na durƙusa na gaishe ta irin gaisuwar da ban yi ba tun ina yaro. Ta matse katifar da yatsa biyu, yatsun suka haɗu. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi.

"Yaran mutane za ka kwantar a kan wannan?"

"Iya, ki rufa mini asiri."

Ta lissafa kwanaki a yatsa. Ta ce za a farke rigunan, a ƙara wa kowace soso inci huɗu, a sake ɗinke su da ƙari a gefe. Teloli shida za ta tara. Amma da sharaɗi: tunda zamani ya canja, ita ma sai an rubuta.

Washegari ta zo ofishin Shugaba da falle ɗaya da ta yago daga littafin rubutu. Ta karanta a tsaye. Katifa ɗari biyu da arba'in. Kauri inci shida, a auna a gaban mai sito. A kawo Asabar kafin la'asar, har cikin ɗakin kwana. Farashi kaza. Wadda ta lotsa kafin shekara, ita za ta canja. Na buɗe baki zan kawo batun girgizar ƙasa, sai ta ɗaga mini hannu.

"Saura na shida. Wanda ya rubuta waccan takardar, kada ya taɓa wannan."

Shugaba ta sa hannu ba ta ko kalle ni ba. Mai sito ya yi shaida.

Asabar da azahar katifu suka iso, mota huɗu. Mai sito ya auna, ni na riƙe masa bakin tef. Lahadi iyaye suka danna suka ce madalla, kujerata kuma ta tsira.

Takardar Iya tana kan teburin mai sito, ƙarƙashin gilashi. Nakan je in tsaya a kanta, hannuwana a baya, in yi nazarin sharaɗi na shida da idon masani. An yi tayi, an karɓa, an sa hannu, ga shaida. Wata uku ke nan ina neman ƙofa a cikinsa, ban samu ba.