Gwaggo Kwastan a Jeren Aina'u

Allah Ya yi wa Kano baiwa iri-iri, amma ba kowace unguwa Ya ba Hajiya Badi'a ba. Dorayi kaɗai ta samu wannan rabo, kuma har yau mutanen Dorayi ba su gama godiya ba. Mace ce mai zobe shida a yatsu biyar, da haƙorin Makka biyu da ke hana ta rufe baki idan tana murmushi. Ilimin da Allah Ya ba ta kuwa ba a ka yake ba, a babban yatsanta na dama yake.

Da wannan yatsa take gaisawa da jama'a. Sauran mata idan sun gamu da ke a biki sai su tambayi lafiyar yara. Hajiya gefen mayafinki za ta kama, ta murza, ta lumshe ido kamar likita na sauraron ƙirji, sannan ta yanke hukunci: "Allah sarki. China." Shi ke nan an gama da ke, sai ki nemi kusurwa ki ci shinkafarki. Ko gidan rasuwa ba ta zuwa hutu. An taɓa ganin ta rungume matar mamaci tana ba ta haƙuri, yatsan kuwa yana can yana bincike a bakin hijabin takaba. Don haka dangi suka naɗa ta Gwaggo Kwastan, tunda ba ƙyallen da zai shigo zuri'a bai bi ta hannunta ba. Ta ji sunan, ta ɗauka girmamawa ce, har amsawa take.

Ta je Dubai, wannan ba ƙarya ba ce. A hanyar Umara aka sauke su can canjin jirgi, aka jera su a kujerun filin jirgi har aka kira su. To amma mai basira ba ya bukatar dogon zama. Daga kan wannan kujera Hajiya ta fahimci Dubai ciki da waje, ta dawo da ita gida a bakinta.

"Ni matsalata da mutanenmu," in ji ta, "ba su san kwaliti ba. Ka ga mutum da girmansa ya naɗo roba a jiki yana yawo. Ni fatata ma ba ta yarda. Abu in ba orijina ba ne, kafin in taɓa shi na fara atishawa. A Dubai ko tsumman goge takalmi sai an duba asalinsa."

Ana nan sai auren Aina'u ya tashi, 'yar ƙanin Hajiya. Aina'u tana aikin naɗe alawa a wata masana'anta a Sharada. Angonta Muntari yana kan inji a wata majema a Challawa. Su suka ga juna, su suka daidaita, suka kama ɗaki da falo a Ja'en. Ba wanda ya tambayi Hajiya, abin da ya nuna irin lalacewar zamani.

Aina'u tana da yaya, Safiyatu, mai ɗinkin rigar katifa a wani kamfani nan Sharada. Albashinta bai kai ta shiga Kantin Kwari ta nuna shimfiɗar gado da yatsa ba. Abin da take da shi keken ɗinki ne da taurin kai. Ta je Bompai, bakin wani kamfanin ɗinki inda ake sayar da guntayen yadi a kan sikeli, ta auno buhu guda. A ciki akwai kakin makaranta mai gida-gida, da shuɗin yadin ma'aikata, da wani ja da ba wanda ya san me aka yi da shi. Ta haɗa da ragowar yadin katifa mai furanni na wurin aikinta, ta bi telolin layinsu ta kwashe abin da almakashi ya bari na atamfar anko. Ta wanke, ta goge, ta yanka su daidai wa daida. Ta jera, ta warware, ta sake jerawa. Ta sa siririn soso a tsakiya, ta yi masa shafi a baya, ta bi shi da ɗinki layi-layi. Guntu ɗari huɗu da goma sha biyu, launi ashirin da uku, bargo ɗaya. Abin da ya rage ta yi labulen taga da shi, don Safiyatu ba ta zubar da abin da sikeli ya auna.

Burinta ɗaya ne, kuma ta yi wa ƙanwarta alkawarinsa: ranar da dangin ango za su zo ganin ɗaki, wannan bargo ne zai kasance a kan gado. Ba ta da wata gudummawa bayan shi.

Sai dai kaya ba ya wucewa sai an kai shi kwastan.

Aka shimfiɗa shi a tsakar gida. Hajiya ta gyara zama, ta ɗaga yatsa, ta yi bisimilla. A nan ne wannan yatsa mai tarihi ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. Ya saba da hukunci ɗaya a kan mutum ɗaya. Yau ga masu laifi ɗari huɗu da goma sha biyu sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowanne da ƙasarsa. Ya murza na farko, China. Na biyu, China. Na uku, roba. A na tara ya sare. Hajiya ta mayar da shi cinya, ta koma amfani da baki.

"Safiyatu, wannan bargo ne ko taron 'yan gudun hijira? Wato ni ina raye, ina numfashi, za a shimfiɗa wa 'yar ƙanina sharar kamfani? Abin da ake aunawa a sikeli kamar gawayi? Ki duba nan, wannan ai wandon ɗan firamare ne. Wannan kuma katifa ce. Katifa a kan katifa! Dangin ango su shigo su ce me? Su ce gidan su Hajiya Badi'a bola suke tona?"

"Gwaggo, ai sabo ne duk, ba wanda ya taɓa sawa. Kuma ku ji laushinsa."

"Laushi! Ana maganar asali kina maganar laushi. A naɗe shi. In sanyi ya zo su rufa da shi bayan sun kashe fitila. Shimfiɗar gado ni zan kawo, 'yar Turkiyya, mai guda bakwai. A bar mini wannan."

Dangi suka yi kabbara a zuci. Tun da ake biki a zuri'ar nan, ba a taɓa ganin Hajiya ta kawo abin da ya wuce shawara ba.

Hanyar Turkiyya kuwa, ga wanda bai sani ba, ta bayan gidan Hajiya ta bi, ta tsaya a ɗakin Rabi dillaliya. Rabi tana yawo da kayan mutane gida-gida, kuma kamar kowace dillaliya takan bar wa mace kaya ta kwana da su, ta gani, ta nuna wa maigida, in ya yi a yi ciniki, in bai yi ba a dawo da shi. Hajiya ta ɗauki shimfiɗar da sunan za ta nuna wa mijinta Alhaji. Lissafinta mai sauƙi ne: a shimfiɗa, dangin ango su gani, a watse, a naɗe, a mayar, a ce Alhaji ya ce launin bai kwanta masa ba. Alhajin da ko launin ƙofar gidansa bai sani ba.

Ranar jere Hajiya ta sauka a Ja'en cikin wani mayafi ruwan zuma mai duwatsu, wanda ya sa yaran layi suka bi ta har ƙofa. Ta sa aka ajiye mata kujera a tsakiyar ɗaki, daga nan ta gudanar da mulki. Mata takwas suna ɗaga gado, suna jera tukwane, suna buga ƙusa, ita tana nuni da haɓa. Da aka zo shimfiɗa ne kawai ta miƙe. Da hannunta ta ware ta, da hannunta ta tura takardar farashin da ke rataye a gefe can ƙarƙashin katifa, ta kuma ninke ledar da kyau ta ajiye kusa, don ta san za a neme ta.

Sannan ta kafa doka. Ba zama. Ba jingina. Ba taɓawa. Mai goyo kada ta matso. Mai lalle a hannu ta tsaya a falo. Turaren wuta a yi nesa da shi.

"Gwaggo, gadon na kwana ne ko na kallo?" in ji Safiyatu.

"Na masu hankali ne."

Safiyatu ta rataya labulenta a taga, tunda dokar ba ta ambaci taga ba, ta tura bargon cikin jaka can ƙarƙashin gado, ta koma falo tana goge kwanon da ta riga ta goge.

Bayan la'asar dangin ango suka iso daga Panshekara, keken adaidaita sahu uku. Mata goma sha bakwai suka dunƙule a ɗakin da zai ɗauki shida. Hajiya ta tare su a ƙofa, ta yi wa kowace maraba da yatsa, ta ba kowace sakamakonta. Sannan ta tsaya tsakaninsu da gado, ta buɗe hannuwa kamar mai tsaron raga.

"Wannan da kuke gani, ba a samun sa a Kano. Kai, ko a Abuja sai wane da wane. Oda na bayar. Zarensa ma daban ake noma shi. Mu a gidanmu haka muka taso, ba ma kwanciya a kan abin da ba mu san kakansa ba. Hajiya, ɗan ja da baya, numfashi yana dusar da shi."

"Salamu alaikum! Wai nan ne gidan jeren? Hajiya Badi'a tana ciki?"

Rabi dillaliya ce, da gumi, da ƙullin kaya a ka. Ta kutsa tsakanin mata har ta iso gaba. Ta dubi gado. Ta dubi Hajiya. Ta sake duban gado.

"La'ilaha illallahu. Hajiya, nan ne Alhajin yake? Na je gida yara suka ce kina Ja'en. Kayan mutane ne fa! Ga mai saye can a keke tun daga Dakata, ta biya, jira take."

"Rabi, mu je waje mu yi magana ta fahimta."

"Wace fahimta, Hajiya? Saya za ki yi in sallami waccan?"

Hajiya ta buɗe baki. Haƙoran Makka suka fito, suka duba yanayi, suka koma.

Rabi ba ta da lokacin ɓatawa. Ta fizge rigunan filo, ta yaye zanen, ta zaro takardar daga ƙarƙashin katifa ta duba ko ta yage. Ledar ma ba ta sha wahalar nema ba. Kafin a yi salati biyu Turkiyya ta koma jaka ta fice. Aka bar gado tsirara, katifa na ƙyalli cikin ledarta, mata goma sha bakwai suna kallon ta kamar an yaye wa mutum zane a kasuwa.

Safiyatu ta ajiye kwano. Ta shigo, ta durƙusa, ta jawo jakarta. Ba ta dubi kowa ba. Ta kama gefe biyu ta watsa, bargon ya buɗe ya sauka ya rufe gadon har ƙasa.

Wata tsohuwa cikin dangin ango, wadda ƙafa ta dame ta tun shigowa, ta ce, "Wannan dai ana zama?"

"Ana zama, Iya. Har kwanciya."

Ta zauna, ta yi ajiyar zuciya, ta shafa. Sai ga mata sun yi caa. Wannan ta gano kakin makarantar ɗanta. Waccan ta gano ankon bikin ƙanwarta, ta shiga ba da labarin yadda aka yi faɗa a kansa. Wata ta ce shuɗin nan irin na kamfanin mijinta ne, yanzu ta san inda rabin hannun rigarsa ya tafi. Mai goyo ta kwantar da jaririnta a kan furannin katifa. Biyu suka tambayi Safiyatu ko tana yi wa na waje.

Babban mutum ba ya faɗuwa, sai dai ya canja wurin tsayawa. Hajiya ta gyara murya.

"To, kun ga abin da nake nufi. Dama gwada ku na yi. Wannan shi ake yayi yanzu a Dubai, haɗe-haɗe. Ni na ce wa yarinyar nan, Safiyatu, ki nemo guntaye, ki..."

"Hajiya, na manta." Rabi ce ta leƙo ta ƙofa. "Mayafin. Shi ma matar ta gani a waya tana so. Takalmin dai na bar miki zuwa gobe, ba zan sa ki taka ƙasa ba."

Aka zare mayafi ruwan zuma daga kafaɗar Gwaggo Kwastan, da duwatsunsa da komai. Ta tsaya daga ita sai ɗankwali. A waje abokan ango sun cika benci, ga ma'aikata an taso suna wucewa garke-garke. Akwatunan amarya ba su iso ba. Hajiya ta juya ido tana neman mai ba ta aro. Abin mamaki, a wannan zafin, mata goma sha bakwai duk sanyi ya kama su lokaci guda, kowace ta ƙara ƙudundune 'yar Chinarta.

Idonta ya sauka a kan bargon.

"An riga an shimfiɗa, Gwaggo," in ji Safiyatu. "Ga yaro ma ya yi barci."

Safiyatu ta hau kujerar mulki, ta sauko da labulen taga, ta miƙa wa Hajiya da hannu biyu cikin ladabi.

Haka Hajiya Badi'a ta fito daga jeren Aina'u, kakin firamare a kafaɗar dama, furen katifa a ta hagu, zobban labule na kaɗawa a bayanta. Ta tsayar da keke ta faɗa ciki ba ko ciniki. Mai keken ya waiwayo, ya dubi furannin ya gane na kamfanin katifa ne, ya tayar da inji.

"Sannu da ƙoƙari, Iya. Aikin yamma ne? Ƙofar ma'aikata zan ajiye ki, ko?"