Yaƙin Baba Cindo da Masu Tashi Sama

Da sunan Allah ake farawa, sannan a ambaci nasaba, domin ba a ba da labarin yaƙi sai an san tsatson mayaƙi. Shi ne Baba Cindo, ɗan Barmo majemi, ɗan Nomau wanda ya bi sawun jakinsa daga Maska har Bakori ya dawo ba jakin, ɗan Jatau mai tari ɗaya unguwa ta farka. Sarkin wankin hula na bakin tashar Funtuwa, dodon dauɗa, maganin maiƙon ƙeya, ma'abocin kujera mai majingina, wadda ita kaɗai ce mai majingina a majalisar dattawa ta gindin ceɗiya. Sauran duk benci ne da bulo.

Ba dukiya ce ta ba shi kujerar ba, ba kuma gado ba. Wani littafin zane ne na kaboyi, wanda wani direban babbar mota ya bar masa shekara arba'in da bakwai da suka wuce, gara ta riga ta cinye bangonsa gaba da baya. Baba Cindo bai shiga boko ba, allo ya yi har izu goma, Turanci kuwa ko na gaisuwa ba ya ji. Amma ya ce hoto ba ya bukatar tafinta. Duk bayan La'asar yakan jingina ya ba dattawa labarin Mai Baƙar Malfa, barden da ba ya dariya, mai doki ɗaya da bindiga biyu, har kowa ya haddace. Farkon labarin shi ya fi daɗi: yadda barden ya cafko wani mai koriyar alkyabba a sararin sama, ya sauko da shi ƙasa ta hannu, ya yi masa faɗa, ya kore shi, sannan ya hau dokinsa ya shiga harkar maza.

Fitina ta ɓullo ne ta hannun Sallau, tsohon masinja, taubashin Baba Cindo, wanda ya yi wata shida a ajin yaƙi da jahilci kuma bai bar kowa ya manta ba. 'Yarsa da ke aure a Kaduna ta turo masa sababbin zane-zanen littafin a waya. Ashe masu buga littafin sun tattara jarumansu kaf sun zuba su a duniya ɗaya. Ga Mai Baƙar Malfa zaune a teburi da masu tashi sama, da mai fitar da wuta ta tafin hannu, da wani ƙato da ya ɗora kamfai a kan wando ba ko kunya.

Nan take majalisa ta tsage biyu, Rundunar Doki da Rundunar Alkyabba, aka yi kwana tara ana mujadala wadda ba a ga irinta ba tun rikicin wa ya karya ƙafar benci. Mutanen Doki suka ce bidi'a ce, in mutum na tashi sama mene ne amfanin sirdi, kuma wa zai riƙa ba dokin dusa. Mutanen Alkyabba suka ce ci gaba ne, tsohon ya samu abokan hira, ko ba komai bayansa ya huta da sukuwa. Goro ya daina tsallaka tsakiyar tabarma. Mutum biyu da suka yi shekara talatin suna sallah kafaɗa da kafaɗa suka koma sahu daban-daban.

A rana ta goma Sallau ya ce, "Kai Cindo, ka bar ɗaga jijiyar wuya. 'Yata ta ce tun asali kaboyinka yaronsu ne."

Sai gwarzo ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar an taka busasshen kara, ya ɗaga yatsa ya yi rantsuwar da ta girgiza ganyen ceɗiya: "Wallahi in aka nuna mini inda Mai Baƙar Malfa ya bi masu alkyabba da son ransa, na bar kujerar nan har abada! A bar ni in ɗauko hujja!"

Ya ɗaura ɗamara da rawanin da ya kwance, ya tasar wa gida, ya ratsa kwatar bayan masallaci ba tare da ya nemi taimakon kowa ba, ya keta rundunar agwagin maƙwabta suka watse gabas da yamma, ya isa ɗakin matarsa Tabawa, inda adaka take ƙarƙashin hasumiyar kwanoni goma sha huɗu. Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya da haƙurin maza, ban da biyu da suka sauko da kansu.

"Malam, ina za ka da littafin nan?" in ji Tabawa daga bakin murhu.

"Fagen fama."

"Da ka bar shi a inda yake."

Bai saurare ta ba, domin ba a taɓa jin sadaukin da ya tsaya shawara a bakin murhu ba. Ya komo da hujja naɗe cikin tsohon ɗankwali, Rundunar Doki ta yi kabbara, har da mai wannan rubutu, Allah ya yafe mana.

Aka shimfiɗa littafin a kan tabarma. Baba Cindo ya yi bisimilla, ya buɗe shi ta hannun dama, kamar yadda duk wanda ya zauna gaban malami yake buɗe littafi, ya ɗora yatsa a kan hoton dama yana ja zuwa hagu. "Ga su a sama. Ga shi ya sauko da shi. Ga shi ya saki hannunsa. Ga ɗan banzan can ya koma inda ya fito. Sallau, ko tabarau za a ara maka?"

Sallau ya sunkuya ya daɗe. Sannan ya ce, "Taubashi, wannan lambar ta ƙasa fa? Talatin da biyu a shafin farko?"

"To mene ne? Dabarar Turawa ce. Suna gaya maka shafi nawa ya rage."

Sallau ya sa hannu biyu ya kifa littafin, ya buɗe shi ta hagu, ya nuna ɗaya, ya nuna biyu, ya yi ta buɗawa majalisa na kallo. Mutumin da shekara arba'in da bakwai ana cewa ya suma ya farfaɗo, ashe harbe shi aka yi ya faɗi. Da aka zo shafin ƙarshe, sai ga mai koriyar alkyabba yana saukowa daga sama, ya miƙa hannu, Mai Baƙar Malfa ya kama, suka tashi tare. Dokin yana ƙasa shi kaɗai ya ɗaga kai yana kallonsu.

Dattawa goma sha ɗaya, masu jikoki, masu sasanta rigimar gado da ta iyakar gona, kowannensu ya riƙe littafin nan da hannunsa ba sau ɗaya ba, kuma kowannensu ta dama ya buɗe shi. Shi kansa Sallau sai ranar ya lura.

Baba Cindo ya dubi dokin da aka bari. Ya ce, "Ko waiwaye bai yi ba." Ya tashi daga kujera, ya kakkaɓe ta da hularsa, ya koma kan bulon da ke can gefe wajen da rana ke dukan mutum.

Da ya koma gida Tabawa ta dube shi ta ce, "Sun juya shi ko?"

"Ke kin sani?"

"Tun goyon 'yarmu Ladidi. Ina sayar da man gyaɗa, Malam, na san ɗaya ke zuwa kafin biyu."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Naka ya fi daɗi."

Washegari bayan La'asar sabon sarki Sallau ya hau kujera, ya jingina, ya gyara murya, aka ce ya ba da labarin yadda yake na gaskiya. Sallau ya ce, "Ɓarayi sun saci shanu. Ya ƙwato. Mai alkyabba ya tafi da shi sama." Ya yi shiru. Aka jira. Ashe ya gama. Da aka ce ya karanta abin da ke rubuce a bakin mutanen, sai ya ce ajinsu bai kai ga Turanci ba.

Wani ya yi hamma. Wani ya fara neman takalminsa. Can sai babban kwamandan Rundunar Alkyabba da kansa ya juya ya ba kujera baya, ya fuskanci bulo.

"Baba Cindo, don Allah ba mu ta dama."

Gwarzo ɗan Barmo, jikan Nomau, ya yi kamar bai ji ba har sau biyu. A na uku ya gyara zama a kan bulo, ya kare rana da tafin hannu, ya ce, "To, ga su a sama." Dattawa suka jawo benci suka kewaye shi. Sallau ya zauna shi kaɗai a inuwa da majinginarsa, ya miƙa wuya yana cewa a ɗan ɗaga murya, ba ya ji daga nan.