Kwandon Sharar Baba Ummaru

Ba zan taɓa mantawa da shirun da ofishin nan na Argungu ya yi ba, lokacin da Baba Ummaru ya leƙo ta bayan kafaɗata ya ce, "Ɗana, buɗe min kwandon shara."

Bari in koma baya kaɗan. Ni ma'aikacin wucin gadi ne a sashen kwamfuta na wata ma'aikata a Birnin Kebbi, kuma ni na dami kowa da maganar buɗaɗɗiyar manhaja. Ita ce wadda gwamnati ba sai ta sayi lasisinta ba, yaranmu na nan gida za su iya duba cikinta su gyara, kuma tana tashi har a kan tsofaffin kwamfutocin da muka jibge a sito. Na faɗa a ofis, na faɗa a ƙofar masallaci, har mai kabu-kabu na taɓa yi wa bayani (bawan Allah ya ce in ba ta rage tsadar mai, in ƙyale shi). Ƙarshe Darakta ya gaji ya ce, "Je ka gwada a ofishinmu na Argungu. In ta yi, a sa ta ko'ina, kai ma a duba maganar takardarka ta dindindin."

Kwamfuta ɗaya tak ke ofishin, kuma Baba Ummaru ke zama gabanta. Dattijo ne, tun zamanin tafireta yake buga takardu, shi ke riƙe da sunayen manoman shinkafar da za a raba wa taki. Saura kwana biyu a fara rabo.

Kafin in goge tsohuwar manhajar na kwashe takardun ofis a filashi. Baba ya ce, "Ka kwashe komi da komi?"

"Baba, aikina ne fa."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ɗaga masa hannu, idona na kan waya. (Wallahi har yau in na tuna hannun nan sai abinci ya fita raina.) Na goge komai tas, na ɗora sabuwa.

Washegari Darakta ya taso tun daga Birnin Kebbi, shugabannin manoma sun cika benci, har da na Augie. Na sha guga, na sha turare. Na kunna, kwamfutar da a da sai an sha shayi kafin ta farka ta tashi nan take. Aka yi tafi. Ina cikin jin daɗin tafin ne Baba ya yi waccan maganar.

Kwandon shara, ga wanda bai sani ba, nan ne takardar da aka goge ke faɗawa. Na buɗe. Wayam.

"Ina sunayen?"

"Ga su nan, Baba, a jakar da aka rubuta taki."

"Wancan na banza ne. Na bar shi don masu cusa sunan surukansu in na tafi salla. Na gaskiya cikin shara nika aje shi, don babu mai duba shara."

Darakta ya cire tabarau a hankali ya ce, "Wato manhajar taka ta cinye sunayen."

"Ranka ya daɗe, ba laifinta ba ne, ai buɗaɗɗiya ce..."

Wani tsoho daga benci ya ce, "Awo, mun gani. Mu dai yaro, takinmu fa?"

Babu wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi min sauƙi.

Na gwada duk dabarar da na sani, sunaye ba su dawo ba. Mako uku ina bayan mashin ɗin Baba, daga wannan mai unguwa zuwa wancan, muna sake rubutawa da biro a littafin makaranta. Wasu takin bai isa gare su ba sai da shinkafa ta wuce lokacin buƙatarsa. Na ga gonar wani a fadama ta yi ɗorawa, na kau da kai. Baba bai taɓa yi min faɗa ba, fura ma yake saya min a hanya, shi ya fi ci min rai.

A ma'aikata an rufe fayil ɗin maganar buɗaɗɗiyar manhaja. An sabunta lasisin tsohuwar manhaja, ni kuma har yau wucin gadi nake. In na gitta ta baranda sai in ji wani ya ce, "A ɓoye filashi, ga Buɗaɗɗe nan."

Kwanan baya Baba ya kira ni. Ya ce kwamfutar, da sabuwar manhajar da na bari a kanta, ba ta taɓa tsayawa ba tun ranar, ba su taɓa jin daɗin aiki haka ba. Na ce to ya gaya wa Darakta mana. Ya ce, "Ɗana, wa za ya saurara?" Na tambaye shi inda yake ajiye sunayen yanzu. Ya ce inda ya saba.

Na san cikin manhaja kamar tafin hannuna, amma ban tsaya minti ɗaya na ji yadda mutumin da ke zama gabanta yake aiki ba. Yanzu ko linzamin kwamfuta zan canja wa wani sai na zauna ya gama maganarsa.

Ku da ke karanta wannan, in ku ne, za ku sake ɗaukar maganar nan ku shiga ofishin Darakta, ko ku ja bakinku ku yi shiru kamar yadda na yi?