Rariyar da Na Sa Aka Toshe

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata Amira ba, kuma ko na so mantawa mutanen unguwa ba za su bar ni ba.

Gidana a wajen Ƙofar Guga a kan gangare yake. Daga bakin ɗakuna ƙasa take sauka har katangar baya, inda muka haɗa bango da madafin Hajiya Inno, wata dattijuwa mai sana'ar waina. Nata ginin na ƙasa ne. A kusurwar akwai rariya da ke fitar da ruwan sama zuwa lungu. Ni kuwa malamin sakandare ne, kuma (nan abin ya fi ciwo) labarin ƙasa nake koyarwa. Na shekara ina zana wa ɗalibai yadda ruwa ke bin gangare.

Hotunan waya ne suka ruɗe ni. Na ga gidajen da aka yanka tudunsu hawa-hawa, ciyawa kore shar, furanni a gefe. Na kira Malam Sada, wani magini da ke shigowa birni daga ƙauyensu da rani, ya ja mini layin bulo uku. Aka cika su da ƙasa da takin kaji, aka dasa ciyawa. Sai rariyar ta fara ɓata mini ido. Na ce a liƙe ta.

"Yallaɓai, wanga rami hwa shi ne hanyar ruwa," in ji Malam Sada. "In an toshe, ina za shi?"

"Ciyawa za ta shanye. An yi bincike a kai." (Ba wani bincike. A take na ƙirƙira.)

Da ya sake buɗe baki na ce, "Malam Sada, kai dai ɗora bulo. Tunanin ka bar mini." A gaban leburorinsa na faɗa, mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ce, "To, Allah shi kyauta," ya kwaɓa siminti ya liƙe.

Matata Hadiza, da tsohon cikinta, ta ce, "Baban Sadik, da ka saurari mutumin nan." Na ce ta ji da kanta.

Ruwan farkon damina yayyafi ne, ciyawa ta yi kyau, kaina ya ƙara girma. Da Hadiza ta haihu a tsakiyar damina na dage sai an yi walimar maza a tsakar gida, ba a ƙofar gida ba kamar kowa. Na gayyaci shugaban makarantarmu da abokan aiki da surukina Alhaji. Har Malam Sada na aika wa, don dai ya zo ya ga ban yi kuskure ba.

Bayan la'asar ina cikin farar shadda, ina zagayawa da baƙi ina bayani kamar a aji, sai hadari ya taso daga gabas. Kowa ya fake a baranda. Wato na tara 'yan kallo da hannuna, na kuma ba su wuri mai kyau.

Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Hawan sama ya cika, bulon ya kumbura ya ɓalle, ya tafi da na biyu. Laka da takin kaji suka gangara da kujerun roba da takalman baƙi, duk suka taru a katangar baya. Warin kuwa ba a magana. Sai muryar Hajiya Inno ta tsallako: "Malam! Ruwa na ɓulɓulowa ta bangon madafina!"

Na wawuri taɓarya na faɗa ruwan, ya kai mini gwiwa. Na dinga dukan simintin, ko gezau (aikin Malam Sada ba algus). A bugu na biyar santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas, takin kaji har ƙirji, hulata na yawo a gefe.

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi. Surukina ne ya ce a hankali, "Wai wa ya toshe rariyar?"

Na ce, "Magini ne, Baba."

Wallahi ban san Malam Sada ya iso ba. Yana tsaye bayan shugaban makarantarmu. Ya naɗe wando, ya ɗauko diga a zaure, ya ratsa ruwan ya zo gefena. Bugu uku ya huda rariyar. Sannan ya miƙo mini hannu ya ɗaga ni, ya ce yadda kowa zai ji, "Sannu, Yallaɓai. Ni bulo kawai nike ɗorawa."

Amma an makara. Ruwan bai gama tsiyayewa ba bangon madafin ya zube a kan buhun shinkafar Hajiya da tandarta. Allah Ya taimaka ta riga ta fita.

Na gina mata sabon madafi, amma har yau in na gaishe ta "lafiya" ɗaya take ba ni, ta juya. Surukina bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai ya daina tambayata shawara. A makaranta ɗalibai sun raɗa mini Injiniya. Malam Sada kuwa sau biyu ina zuwa ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma duk sanda na kira shi aiki sai ya ce yana gona, ko da rani ne.

Yanzu in mai sana'a yana magana, nakan kama bakina har ya gama. In kuma ƙaryar ta zama dole, to aƙalla mutum ya fara waiwayawa ya ga wa ke tsaye a baranda.