Gonar da Na Yi wa Baba da Sukari

Har yau in ƙamshin kek mai cakulan ya taso daga murhu, sai in tuna da wata Asabar a Garki. Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har da rabin abin da na karanta a jami'a, amma ba na jin zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin.

Lokacin Abuja tana ta kumbura. Ko'ina ka duba gini ne ke tashi, kowa ya yi wayar hannu, kuma babu abin da ya yi ƙanƙantar da ba za a yi masa walima ba. Ni kuwa na gama bautar ƙasa ina zaune gidan Yayata a Nyanya, ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Don kada zama ya kashe ni na shiga ajin koyon kek a Wuse, a can na haɗu da takardar wefa. Wata siririyar takarda ce da ake yi da sitaci, ana cin ta. In ka ɗan shafa mata ruwa sai ta lanƙwashe kamar ganyen gaske. Nan take na kamu da sonta. (Ni ce fa yarinyar da ke rubuta wa faɗuwar rana baitoci, don haka kada a yi mamaki.)

Akwai wanda nake so, Mukhtar. Mun gama magana tsakaninmu, amma manyansa ba su taka gidanmu ba, don mahaifinsa ya ce sai ya ga yarinyar da idonsa tukuna. Ana nan sai lokacin ritayar Baba, wato mahaifin nasa, ya yi, za a yi masa walima a gidansa a Garki. Mukhtar ya ce, "Ga dama ta samu. Ki yi masa kek, ko ɗan ƙarami ne, mai fure ɗaya haka, ki kawo da kanki."

Fure ɗaya? Ni?

Na san Baba ya sayi gona a Abaji, kuma ba shi da zance sai na ranar da zai tattara ya koma can. Sai na ce gonar zan yi masa. Na kwaɓa kek uku a dogayen gwangwanayen burodi, niyyata in jera su kamar layukan huɗa. Na farko ya gasu lafiya. Ana tsakiyar gasa sauran aka ɗauke wuta, suka zauna kamar an taka su. Ƙwai ya ƙare, ni ma na ƙare. Na dubi ɗayan da ya rage na ce ai tudu ɗaya ma ya fi ma'ana, mutum ɗaya, rayuwa ɗaya.

Na gyara masa baya ya yi doro. Na daka biskit mai cakulan na barbaɗe shi, ya fito sak jar ƙasa da aka tono yanzu. Na mulmula ƙananan duwatsu da kwaɓin sukari na kewaye shi da su. Ganyayen ne suka ci mini rai: na yanka su ɗaya bayan ɗaya, na yi musu launin busasshen ganye, na watsa a kai, wai alamar kaka ta yi, an gama aiki. A gefe ɗaya na dasa 'yar bishiya don inuwa, na ajiye ɗan tulu a gindinta. Daga ƙarshe na kafa ɗan allo na sukari, na rubuta sunan Baba, da shekarar da ya fara aiki, da shekarar da ya ajiye.

Mai karatu, in kai namiji ne, na san ka riga ka dafe kai. Ka yi mini uzuri. Mu mata ba ma raka gawa. Iyakar sanina da maƙabarta ita ce katangar da muke wucewa a mota muna addu'a.

Yayata ta ce, "Kai, kamar a shuka gyaɗa!" Na rufe kwali na rungume shi a tasi. A cunkoson Nyanya direba ya taka burki, ɗan tulun ya fashe biyu. Na leƙa na ce ba komai, ya ma fi kama da ƙauye.

A kicin ɗin gidan 'yammata suka kewaye ni. Ummi, ƙanwar Mukhtar, ta ce, "Anti, wallahi ba za a yanka wannan ba sai an ɗauke shi hoto. Ganyen ma ana ci?" Hajiya, mahaifiyarsu, tana can tana fama da masu rabon shinkafa, ba ta gani ba. Mukhtar yana waje yana jera kujeru. Babu namiji ko ɗaya da ya sa masa ido.

Aka ce a kawo kek. Ni da Ummi muka ɗauka zuwa rumfar maza, kaina a ƙasa, mayafi har goshi. Mai gabatarwa wani abokin aikin Baba ne, Bayarabe mai fara'a, yana ta raha da Hausarsa ta Abuja: "Oga, yarinya ya kawo maka abu mai daɗi, ka buɗe ido!" Muka ajiye a gaban Baba. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗaga murfin.

Rumfar ta yi tsit. Cokula suka tsaya. Wani dattijo na kusa da Baba, wanda daga baya na san shi ne Kawu Sale, yayansa, ya ce a hankali, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Na hangi leɓɓan wasu suna motsi.

Ni kuwa (Allah Ya yafe mini) na ɗauka kyan abin ne ya ɗaure musu baki. Sai na ji ƙarfin gwiwa, na ce bari in yi bayani. Da muryata mafi laushi na ce, "Baba, na yi maka wurin da za ka je ka huta ne, bayan duk wahalar nan. Ga inuwa, ga shiru, babu mai damunka."

Na ga Mukhtar ya zauna a kujerar da yake riƙe da ita, ya rufe fuska da hula.

Baba ya gyara tabarau. Ya sunkuya ya karanta allon, ya dubi fasasshen tulun, ya ɗauki ganye ɗaya ya juya shi a yatsunsa. Sannan ya ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yata. Aiki ya yi kyau. Amma an dai duba alƙibla ko?"

Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka yi salati. Kawu Sale bai yi dariya ba. Ya ce, "Wace ce wannan? 'Yar wa ce?" Mai gabatarwa ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya: "Sista, ɗauke shi. Wannan kabari ne."

Ban san yadda na koma kicin ba. Na dai san na bar takalmi ɗaya a rumfa, kuma ban koma nemansa ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da ban dariya, gajiya ce kawai. Kawu Sale ya kafe cewa yarinyar da ta fara shigowa gida da irin wannan, a yi hattara da ƙafarta. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk sanda na tambayi Mukhtar sai ya ce, "A bari ƙura ta lafa." Damina ta wuce, wata ta zo. In Baba ya yi ko mura ce, sai in kasa cin abinci, ina roƙon Allah Ya ja da ransa, rabi don shi, rabi don kaina. Labarin kuwa ya zaga ma'aikatu. Na taɓa jin shi a bakin wata mata a motar haya, ta ƙara masa har da likkafani na farin sukari. Ban gyara mata ba.

Daga ƙarshe dai manya suka je gidanmu, Kawu Sale ne ma a gaba, fuska a ɗaure. Aka ɗaura aure.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. In mutum ya ce maka fure ɗaya, yi masa fure ɗaya. In kuma zuciya ta raya maka hikima, nemi wanda ya je inda ba ka taɓa zuwa ba ya duba maka kafin ka kai gaban jama'a.

Sai bayan na haifi 'yata ta biyu, muna tsinke zogale a Abaji, Hajiya ta gaya mini inda kek ɗin ya ƙare. A ranar babu wanda ya yarda ya sa masa wuƙa, mai aikin gidan ma ta ƙi kai shi bola. Baba ne ya sa aka kai masa ɗakinsa. Kullum da safe sai ya yanki kaɗan ya sha shayi da shi, har ya cinye tas, sannan ya aika aka kira Kawu Sale ya ce a je a nemo wa yaron nan aurensa. Kawun ne ya yi ta jan ƙafa har shekara ta zagayo.

"Ta wajen ƙafa Baba ya fara yankan kek ɗin," in ji Hajiya, ba ta ko ɗago kai daga tiren ba. "Wai kada ya yi gaggawa."