Yaƙin Alhaji Haladu da Tekun Ikko a kan Haƙorin Makka

Da sunan Mai tekuna da abin da suka haɗiye muke buɗe tarihin Alhaji Haladu ɗan Mati, jikan Madugu Ɗangoggo wanda ya kai ayarin jakuna Gwanja sau goma sha ɗaya bai rasa ko akumari ba. Haladu bajimin Agalawa, daushe sha tafiya, mai rumfa uku a kasuwar goro ta birnin Ikko, wanda in ya yi murmushi haƙorin Makka ke walƙiya a bakinsa kamar tauraron asuba.

Ma'abota labari sun haɗu a kan cewa ranar Lahadi musibar ta auku. Baƙi sun zo daga Kano domin naɗin da dattawan kasuwa za su yi masa na Wakilin 'Yan Goro ranar Juma'a, shi kuwa ya kwashe su zuwa bakin teku su ga ikon Allah. Yana tsaye ya naɗe ƙafar wando, yana gatsar gasasshiyar masara, sai wata igiyar ruwa marar tarbiyya ta doke shi a gwiwa. Ya rafka salati, haƙorin ya biyo salatin, ya yi tsalle ya nutse a jiƙaƙƙen yashi. Shekara ashirin da biyu yana bakinsa, tun hajjin da ya yi tare da marigayiya mahaifiyarsa, wadda ta tsaya a kan mai sa haƙorin har ya gama.

Da ya koma gida hannu a baki, uwargidansa Hajiya Lantana ta ce, "Alhaji, ka je a sa maka wani mana. Haƙori ne fa, ba ido ba."

Ya ce, "Wanda za a sa a nan haƙorin Ikko ne. Kin taɓa jin an yi wa mutum kirari da haƙorin Ikko?"

Ranar Talata sadauki ya ɗaura ɗamara, ya keta cunkoson motoci da hayaƙi da zagin kwandastoci, har ya isa kasuwar kayan lantarki, shagon wani Uchenna, haifaffen Jos mai Hausa kamar jakin Kano. Uchenna ya shimfiɗa masa makamai biyu, na'urorin gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, kowacce da doguwar sanda da faifai a ƙarshenta. Ta farko ja ce, mai fitilu bakwai. Da aka gifta mata makulli sai ta tsala ihun da ya sa mai shayin maƙwabta ya zubar da madara. Ta biyu baƙa ce, ba ado, ba fitila, sai an toshe kunnuwa da wasu manyan marafai ake jin ɗan gunaguninta.

Uchenna ya ce, "Alhaji, in teku za ka, ɗauki baƙar. Jan nan ta tudu ce. Gishiri yana ruɗa ta, jiƙaƙƙen yashi ma ƙarfe take ɗaukarsa, kuma in ruwa ya shige ta, shi ke nan."

Haladu ya shiga nazari irin na manyan kwamandoji a daren shawara. Ya auna, ya sake aunawa. Ya hango kansa a bakin teku da marafai a kunne bisa hular zanna, kamar mai kiɗan biki, jama'a na kallo. Ya dubi ja, fitilunta suna ƙyafta masa ido.

Ya ce, "Ɗana, bindigar da ba ta ƙara sanda ce. Gishiri kuwa tun kaka muke fataucinsa, bai taɓa ruɗa ɗan gidanmu ba. Naɗe mini jan."

Uchenna ya tuna cewa ciniki ya faɗa, ya naɗe masa jan.

Laraba da hantsi runduna ta sauka a fagen fama: Alhaji a gaba da na'ura a kafaɗa, bayansa tsohon direbansa Ɗanlasan riƙe da shebur da rariyar tankaɗe. A busasshen yashi nasara ta yi ta sauka kamar ruwan Agusta, aka kwashi ganimar da ba a taɓa jin irinta ba: marafan kwalba talatin da shida, gwangwanin kifi huɗu, cokali mai lanƙwasasshen wuya, da ƙusar da ta riga Alhaji zuwa Ikko. Kowane ihu sai Ɗanlasan ya ce, "Ga shi nan!" Kowane rami sai Alhaji ya ce, "Gaba dai!"

Sa'an nan suka taka jiƙaƙƙen yashi, inda haƙorin ya yi shahada, a nan kuwa na'urar ta zauce. Ta yi ihu gabas, ta yi ihu yamma, ta yi wa kumfa ihu, ta yi wa ƙafar Ɗanlasan ihu, fitilu bakwai suna ci gaba ɗaya, har masu sayar da kwakwa suka bar tireransu suka kewaye fagen. Rami goma sha tara aka haƙa, teku tana bi tana cikewa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai share tsakar gida. Zufa ta jiƙe babbar riga, amma jikan Ɗangoggo bai san ja da baya ba. Ya ɗaga makami sama, ya yi kururuwa, "Yau ko ni ko ke!" ya kutsa har gwiwa.

Teku ta amsa da igiya guda. Na'urar ta yi wani ɗan kuka siriri irin na ɗan akuya, fitilunta suka mutu, ba ta ƙara magana ba har abada.

Amma a cikin rariya, ga wani abu rawaya yana sheƙi. Aka yi kabbara, masu kwakwa suka tafa, aka naɗe shi a hankici aka kai gida da jiniyar hon. Hajiya Lantana ta wanke shi a kofi, ta ɗaga shi a haske, ta ce, "Sannu da yaƙi, Alhaji. Kan zif ɗin jaka ne."

Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Ranar Juma'a ya tafi wurin naɗi kamar mai zuwa yanka, leɓe a damƙe, yana tunanin masu hoto da maroƙa da baƙin Kano. Aka zaunar da shi a kan darduma. Mai naɗi ya kewaya rawani sau bakwai, sa'an nan ya jawo amawali ya rufe masa baki har zuwa ƙarƙashin hanci, kamar yadda ake yi wa kowane mai sarauta tun kafin a haifi Ɗangoggo.

Aka yi ta ɗaukar hoto har la'asar. A ƙarƙashin amawali Wakili ya washe baki iyakar iyawarsa, giɓi a buɗe, babu mahalukin da ya gani.